Kun taɓo Turner amma kun bar jirgin bayi a baya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na karanta ɗan rubutun da kuka buga a shafin al'adu kan mai zanen nan ɗan Ingila, J.M.W. Turner, na ji daɗi wallahi don ba kasafai jaridunmu ke waiwayar masu zane ba. Sai dai kun tsaya a kan cewa hotonsa ne a takardar fam 20 ta Ingila tun 2020, shi ke nan kuka wuce, ni kuma da nake koyar da zane a sakandare abin ya tsaya min a rai.

Mutumin nan fa ɗan mai aski ne. A Landan aka haife shi a 1775, unguwar Covent Garden, babansa yana aski yana yin gashin kanti, kuma a shagon yake rataye zanen yaron masu zuwa aski su gani su saya. Yana shekara 14 ya shiga makarantar koyon zane ta Royal Academy, yana 15 aka baje zanensa na farko a can, kuma da fentin ruwa ya yi shi. Wannan fentin ruwan shi ne abin da ba ku ambata ba sam. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san halinsa, fentin mai in ka yi kuskure sai ka bari ya bushe ka shafe da wani, shi kuwa na ruwa in ya zauna a takarda ya zauna ke nan, farin da kake gani ma farin takardar ne ka bari da gangan. Ɗalibaina lokacin hunturu kafin su sake tsoma buroshi a gwangwani fentin ya bushe ya bar musu shaida kamar ta gishiri a riga, takardar kuma ta kumbura ta lanƙwashe. Turner da wannan abin mai gardama ya yi ta kama hazo da hadari da hasken rana a kan ruwa, yana yawo da littafin zane a aljihu har Faransa da Italiya. Da majalisar dokokin Ingila ta kama da wuta a 1834 yana cikin 'yan kallo a bakin kogin Thames, daga baya ya zana gobarar.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zanensa na 1840, wanda ake kira jirgin bayi. In ka hango shi daga nesa sai ka ce faɗuwar rana ce mai kyau, ja da ruwan ɗorawa, teku na tafasa. Sai ka matso. A ƙasa hannuwa ne na baƙaƙen mutane suna leƙowa daga cikin ruwa, ga wata ƙafa da mari a jikinta, kifaye sun taru a kanta, jirgin kuma ya yi gaba abinsa. Masana da yawa suna danganta shi da abin da ya faru a jirgin Zong a 1781, wanda ya taso daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu zai tafi Jamaika, aka jefa mutum sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka je neman kuɗin inshora kamar buhunan kaya suka yi asara. Ranar da na nuna wa 'yan ajina hoton a waya, surutu ake yi, da suka gane ƙafar mutum ce sai ajin ya yi tsit.

Ba wai ina wanke Turner ba ne fa. Shi kansa a 1805 ya zuba kuɗi a wata gona a Jamaika da aka shirya bayi ne za su yi aikinta, wannan ma ya kamata mai karatu ya sani.

Ya rasu a 1851 aka binne shi a majami'ar St Paul, ya bar wa ƙasarsa zane na fentin mai kusan 300 da dubban na fentin ruwa da na fensir, yawancinsu suna gidan adana zane-zane na Tate a Landan. Jirgin bayin kuwa yana Boston a Amurka. Don Allah in za ku sake taɓo shi ku buga wannan hoton, da kala, kuma babba yadda za a ga hannuwan.

Naku,
Wani malamin zane daga Zariya