A daina ɗora wa ungozoma laifin da ba nata ba

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ungozomomin da ke karɓar haihuwa a ƙananan asibitocinmu na ƙauye, saboda duk sanda mace ta rasu wajen haihuwa sai ka ji ana cewa ai malamar ce ba ta iya aiki ba, ni kuma wallahi maganar nan tana ci min rai.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa, kuma ba ya jira, cikin awa 2 mace mai ƙoshin lafiya za ta iya tafiya. Allurar oksitosin da ake yi don mahaifa ta tsuke a firji ake ajiye ta, to ina wutar? Asibitin da ake karɓar haihuwa da tocilan ɗin waya, allura ta sha zafin bazara a cikin durowa ƙarfinta ya ragu, an yi wa mace jini bai tsaya ba, sannan a ce malama ce. Haka maganin jijjiga, sai a rubuta wa miji takarda ya fita neman kemis da tsakar dare, ita kuma malamar ita kaɗai ce a duti, ita ce mai karɓar jariri ita ce mai sa ruwa ita ce mai gwada hawan jini.

Kuma dabarar ma a gida take. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin waɗanda suka yi binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, inda ake shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni ta tara jinin a gani da ido, maimakon kintace da zani, da ya kai mililita 500 sai a haɗa mata magunguna da tausar mahaifa a lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Me ya hana ledar nan ta isa kowane ɗakin haihuwa?

Mu ma a gida da namu. Mace ta kwana ta wuni tana naƙuda ana ba ta rubutu ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, ba ta taɓa zuwa awo ba, sai ta galabaita a ɗauko ta a mashin. Maza ku ba da izinin tun ciki na wata bakwai, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini.

Roƙona ga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, a sa sola da firji a ɗakunan haihuwa, a ƙara malama ta biyu a aikin dare, a kuma ajiye mota da mai a ciki don kai wadda ke buƙatar tiyata babban asibiti.

Wata mai karatu daga Kano