Littafin da ke kulle a ofishin hedimasta ba ya koya wa yaro karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da hukumomin SUBEB na jihohinmu, wato masu kula da ilimin farko, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da hedimastoci, a kan ɗakin karatu a makarantun firamare.

Duk sanda aka tashi zancen cewa yaranmu suna kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, sai ka ji an ce a gina laburare. To, a gina, babu laifi. Amma wanda ya san makarantun gwamnati ya san da yawansu suna da littattafai, suna nan cikin kwali a sito ko a kabad ɗin hedimasta, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Dalilin ba mugunta ba ne. Hedimasta ya sa hannu ya karɓi littafi ɗari uku, ya kuma san wata rana sufeto zai zo ya ƙirga, in sun ragu shi za a tuhuma. Sai ya sa kwaɗo ya huta. Gara kuwa ba ta tsoron sufeto.

Saboda haka gyaran farko ba ya cin ko kwabo. Sakataren ilimi ya rubuta wa makarantu takarda cewa in littafi ɗaya cikin goma ya yage ko ya ɓata a shekara ta hanyar karantawa, ba za a tuhumi kowa ba. Sufeto kuma in ya zo, rajistar aro zai fara dubawa kafin ya ƙirga littafi. Makarantar da ya tarar da littattafanta fes, ba dattin hannu a gefen shafi, ita ce ya kamata ya yi wa tambaya.

Maganar wuri ba ta da wuya. Makarantar da yara ke zaune tamanin a aji ba ta da ɗakin da za ta ware, kuma ba sai ta ware ba. Akwatin ƙarfe ɗaya a kowane aji ya isa, irin wanda maƙera ke yi, mai murfi da ke rufuwa sosai. A sa masa littattafai da suka ɗan fi yawan yaran ajin, don yaron da ya zo ƙarshe ya samu zaɓi shi ma. In ba su kai ba, yara biyu su haɗu a kan ɗaya. Inda aji ya rabu A da B da C, kada a saya musu iri ɗaya, a bambanta, bayan kowane mako huɗu a yi musayar akwatuna. Da kuɗin akwati ɗaya yaro ya ga littattafan akwati uku.

Inda aka yi sa'a akwai ɗaki, a gaya wa kafinta tsayin kanta kada ya wuce santimita 120, don ɗan aji ɗaya ya iya ɗauka da kansa. Katakon ƙasa ya tashi daga daɓe da kamar taƙi ɗaya, a kuma janye kantar daga bango, domin ta bango da ƙasa gara ke hawa. Littafin ƙananan yara siriri ne, in aka jera shi a tsaye irin na manya ba a ganin komai sai gefensa, yaro kuwa hoton bango ne ke kiransa. A jingina su fuskarsu na kallon waje, ko a ɗaura igiya daga kusurwa zuwa kusurwa a rataye su kamar shanya. Tabarmi huɗu sun fi benci amfani a irin wannan ɗaki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zaɓen littafi. Mai son taimako ya kwaso kwalaye daga Ingila ko Amurka, ko ya share ɗakinsa ya kawo tsofaffin littattafan jami'a, a yi taro, a ɗauki hoto. Yaron aji biyu da ke fama da ba, bi, bu, me zai yi da labarin dusar ƙanƙara cikin Turancin da malaminsa ma sai ya yi da gaske? Zai kalli hotuna kwana biyu ya ajiye. Abin da yake bukata littafin Hausa ne mai manyan haruffa, jimla ɗaya ko biyu a shafi, da hoton da ya dace da jimlar. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula ya iya haɗa gaɓa, abin da ya rage masa yawan maimaici ne a kan abin da bai taɓa gani ba. Littafin darasi guda ɗaya da ya haddace tun zangon farko ba zai ba shi wannan ba.

Ba sai an wahalar da malami da lambobin da manyan laburare ke rarraba littafi da su ba. A raba su hawa huɗu gwargwadon wuya, a ɗiga fenti a gefen kowanne: ja ga mai kalma ɗaya zuwa jimla ɗaya a shafi, rawaya ga mai jimla uku zuwa huɗu, kore ga gajeren labari, baƙi ga mai babi-babi. Kada a rubuta "na aji biyu" ko "na aji biyar" a jiki. A aji biyar akwai yaron da ja ne daidai da shi, in ya ga an rubuta na 'yan aji ɗaya ne kunya za ta hana shi ɗauka. A koya wa yara gwada littafi da yatsu: ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, ya mayar ya ɗauki na ƙasa da shi.

Ina za a samo su? Jihohin Bauchi da Sakkwato sun yi aiki da littattafan Mu Karanta! na ƙananan azuzuwa. A intanet kuma shafukan African Storybook da Bloom Library suna da labaran yara da Hausa waɗanda aka yarje wa kowa ya sauke ya buga kyauta. Sai dai kada a buga ido rufe. Malamin Hausa ya fara karanta kowane labari, don wasu fassara ce daga wani harshe, Hausarsu ba ta zauna ba. A kuma buga guda ɗaya na gwaji a duba ɓ da ɗ da ƙ. Wata kwamfutar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai ta bar gurbi ko ta sa ɗan akwati, wani mai shagon kuma ya "gyara" ya mai da baƙi baki, ƙasa ta koma kasa. Babba zai gane daga ma'ana, mai koyo kuwa an rikita shi ke nan. In littafin daga Nijar ya fito, a nuna wa yara cewa ƴ ɗin da suka gani shi ne 'y namu.

Lissafin bugun ga shi. Farar takarda A4 guda huɗu, a buga gaba da baya, a ninke biyu, ta ba da littafi mai shafi 16. Rim ɗaya takarda 500 ne, wato littafi 125. A gaya wa mai firinta tsarin ɗan littafi ake so, yadda shafi na 16 da na 1 za su fito a fuska ɗaya, in ba haka ba shafuka za su hargitse bayan ninki. Bango a yi shi da kwali mai ɗan kauri. Ƙarfen maƙala takarda yana tsatsa da damina ya cinye tsakiyar littafi, gara a huda wuri uku a kan ninkin a ɗinke da basilla da zare mai ƙwari. 'Yan aji shida za su iya wannan ɗinki cikin awa guda in an nuna musu sau ɗaya. Su ma suna iya rubuto tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakanninsu, malami ya gyara rubutun, mai iya zane ya zana, a ɗinke a sa a akwatin aji biyu da sunan marubucin a bango.

Ga manyan azuzuwa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka rubuta don makarantu tun ƙarshen shekarun 1930, har yau yana aiki, saboda labaransa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda. Amma Hausarsa ta fi ƙarfin ɗan aji uku, a wannan matakin malami ne zai karanta musu su saurara. A haɗa da tarihin annabawa, da littattafan dabbobi da taurari da jikin mutum, don akwai yaron da tatsuniya ba ta dame shi ba amma zai kwana a kan hoton kada. Na Turanci masu sauƙi su shigo a hankali, su ƙaru daga aji huɗu.

Duk wannan banza ne in ba a sa shi a jadawali ba. "In an samu lokaci" ba ya zuwa. A ware darasi biyu a mako, na minti talatin, a rubuta su a jadawalin da ke manne a bango. Minti goma na farko malami ya karanta labari da murya, yana juya littafin yara su ga hoto, ya tsaya a tsakiya ya tambaya, "Me kuke jin kura za ta yi yanzu?" Minti goma sha biyar kowa ya ɗauki nasa. Biyar na ƙarshe a mayar a ƙirga. A riƙa tashin yara layi-layi, ana sauya layin da zai fara, in ba haka ba manyan maza za su wawashe masu kyau, 'yan mata da ƙanana su tashi da yagaggu.

Abu biyu malamai ke yi da kyakkyawar niyya su kashe darasin. Na ɗaya, malami ya faɗi jimla aji ya amsa baki ɗaya. Yaranmu gwanayen hadda ne, za su rera shafi duka ba tare da idonsu ya sauka a kan harafi ba. Mai son ya gane, ya rufe hoton da hannu, ya nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi ya ce a karanta. Na biyu, a mai da shi jarrabawa, da maki da bulala. Yaron da aka doka a kan littafi ba zai ɗauke shi don daɗi ba. Kuma kada a ce sai an yi tsit. Mai koyo sai ya ji muryarsa, kamar yadda ya saba a makarantar allo, gunaguni a irin wannan aji alamar ana aiki ne.

Aro zuwa gida shi ne abin da hedimastoci suka fi tsoro, shi ne kuma ya fi amfani, musamman ga yarinyar da ana tashi za ta ɗauki talla, da yamma ta tafi Islamiyya. A fara da aji huɗu zuwa shida a zangon farko. Kowane littafi a ba shi lamba, a buga hatimin makaranta a shafin farko da wani shafi na ciki. Rajista littafin rubutu ne na yau da kullum mai layi huɗu: kwanan wata, sunan yaro, lambar littafi, ranar dawowa. Monita biyu, mace da namiji, su riƙe ta, malami ya duba. A bayar ranar Juma'a cikin leda, a karɓa Litinin. Kafin a fara, kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya tara iyaye, a roƙi mai unguwa da liman su yi sanarwa, don a san littafin makaranta ne, kada ya ƙare a wajen mai ƙosai. Kada a sa tara. Ranar da aka ce uba ya biya kuɗin littafi, ranar zai hana duk 'ya'yansa kawo littafi gida, maƙwabta ma su bi sahu. Wanda ya yaga, ya zauna a gyara tare da shi.

Wajen gyaran, farin gam na kafinta da ɗan ƙyalle a gefen littafi sun fi salatif, wanda zafi ke busarwa ya ɓare ya bar tabo. Kada a liƙa da ƙullun fulawa ko sitaci, kiran kyankyaso da ɓera ne. Dogon hutu yana faɗawa tsakiyar damina, lokacin da rufi ke yoyo ba kowa a makaranta, shi ya sa asara ta fi yawa a watan Agusta. Kafin a tashi a ɗora akwatuna kan benci nesa da taga, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, a sa wani malami na kusa ya riƙa buɗewa duk mako biyu.

Littafin yara mai shafi 16 da hannu saba'in ke taɓawa ba zai daɗe ba, komai ɗinki. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ware wa ilimin farko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ina roƙon hukumomin SUBEB su fitar da wani abu daga rabonsu kowace shekara don sabunta akwatunan nan, kada a jira sai wata ƙungiya ta zo daga waje. Tsofaffin ɗalibai masu son taimako kuma su nemi jerin abin da makaranta ke bukata daga hedimasta kafin su sayi komai.

Kai ma Edita, ranka ya daɗe, akwai naka. Ka ware rabin shafi duk mako ga yara: labari ɗaya da bai wuce kalma 150 ba, da manyan haruffa masu lanƙwasarsu daidai, da hoto guda, kuma kada ya tsallaka zuwa wani shafi. Malami zai yanke shi da almakashi, ya manna a kwali, ya jefa a akwatin aji. A shekara ɗaya akwatin ya ƙaru da labari hamsin da biyu.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare,
Zariya