A Keɓe wa Masu Keke da Masu Tafiya a Ƙasa Hanyarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kira ga gwamnatin Jihar Jigawa da ta tsara hanya mai kwalta ta musamman domin masu keke da masu tafiya a ƙasa, a fara daga Ringim zuwa Taura har Gujungu.

Ranar kasuwar Gujungu, manoma da 'yan talla da ɗalibai suna bin bakin titi ɗaya da manyan motocin dabbobi da na hatsi, kuma idan mota ta matso, mai keke ba shi da mafita sai ya faɗa yashi, da damina kuwa cikin taɓo.

Tun a matakin tsari ya kamata a zauna da hakimai da dagatai da masu gonaki, a biya diyyar duk filin da aka ci, sannan a kauce wa burtali, domin kada gyara ya haifar da rikici tsakanin manoma da makiyaya. Wannan yanki yana kusa da Kogin Haɗejia, saboda haka wajibi ne a ɗaga hanyar a yi mata kwalbatoci, in ba haka ba ambaliya za ta cinye ta. A dasa darbejiya domin inuwa, a kuma kafa turaku a mashigai, don kada masu babura da amalanke su mamaye ta.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Taura