Makamashi mai tsafta yana takarda a Abuja, mu kuma a Gumel mun koma gawayi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Kullum na kunna rediyo ko na leƙa Facebook sai naji ana ta sauyin yanayi, ana ta makamashi mai tsafta, wane ya tafi taro ƙasar waje wane ya dawo, ni kuma in na leƙa madafin gidana sai naga kamar ba ƙasa ɗaya muke zaune da masu maganar ba.

Bari in fara da tukunyar gas ɗin gidana. A 2019 na saye ta, 'yar kilo shida mai kan girki a sama, ranar da na shigo da ita uwargida murna kamar an biya mata kujerar Makka, don ta huta da hura wuta da asuba lokacin sanyi. Lokacin nan kilo bai wuce naira 400 ba. Zuwa ƙarshen 2024 kilo ya haura 1,300, ni kuma albashin malamin firamare kowa ya san shi ba sai na tona wa kaina asiri ba. Yanzu haka da nake rubutun nan tukunyar tana lungun ɗaki an kifa mata roba a kai, autanmu ya mayar da ita kujera. Sai in baƙo ya zo da dare ko azumi ya kama ake zuba kilo ɗaya ko biyu saboda sahur. Sauran kwanaki kurfoti ne da gawayi, in wake za a dafa ko tuwon taro kuma a koma murhu da itace kamar yadda kakanninmu suka yi. Risho kuwa an daɗe da yi masa jana'iza, kananzir ya fi ƙarfin talaka tun kafin gas ɗin.

Kuma ba gidana kaɗai ba ne. A layinmu akwai wata baiwar Allah mai ƙosai, ita ma ta taɓa komawa gas, har tana cewa kaskonta ya daina baƙi. Da damina bana na tsaya sayen ƙosai na same ta durƙushe tana hura jiƙaƙƙen itace da murfin bokiti, idonta jawur yana ruwa, goyon da ke bayanta yana tari, hayaƙin ya cika zauren har ni da ke tsaye a waje sai da na ja da baya. Na ce Iya ina gas ɗin? Ta ce malam in na sa gas ribar ƙosan duka mai gas zan kai wa, gara ido ya yi ruwa da tukunya ta bushe. To wannan ita ce makamashin Arewa, Malam Edita, kuma ban taɓa jin an yi taro a kanta ba.

A takarda kam ba a bar komai ba, wannan dole a faɗa. A watan Nuwamba 2021 marigayi shugaba Buhari ya je taron yanayi na Gilasgo ya yi alƙawarin Najeriya zata daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa shekarar 2060, a watan nan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A Agustan 2022 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi, aka ce ana buƙatar wajen dala biliyan 10 duk shekara, kuma girki yana cikin ɓangarori biyar da shirin ya lissafa tare da lantarki da sufuri da masana'antu da mai da gas. An ma sa wa 2021 zuwa 2030 suna shekaru goma na gas. A 2024 aka amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa, aka kuma cire harajin VAT a kan gas ɗin girki. Duk na ji, duk na yarda an rubuta. Amma a cikin shekarun nan goma na gas ɗin ne matanmu suka ajiye gas suka ɗauko gawayi, to ina amfanin baɗi ba rai?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu. Ni ba zan zauna ina kare tallafin ba, mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin inda man nan yake bi da dare. Amma an saki naira a lokaci guda, farashin gas kuma dala yake bi, ga kuɗin ɗauko shi a tanka tun daga kudu har nan, sai ya zama wanda ya fi kowa nisa da teku shi ya fi kowa biya, kuma shi ne hamada ke bakin ƙofarsa. Ƙasar da take loda gas a jirgin ruwa daga Bonny zuwa Turai, take kuma ƙona wani a banza a sararin Neja Delta dare da rana, ita ce matanta ke hura itace da murfin bokiti. Aka ce mana mafita ita ce CNG, a juya motoci da adaidaita su koma gas. Madalla. To a ina zan sha? Mai mota a Gumel ko Maigatari ko Malam Madori ya juya motarsa ya tafi ina ya cika? Bututun da aka ce zai kawo gas daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin aka ce shekara biyu, shekara biyar ta wuce ana ta ɗaga rana kamar bikin da ango bai shirya ba.

Gawayin nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Duk buhun da ka gani a bakin titi bishiya ce aka kayar. Da can maƙera ne ke neman gawayin ƙirya, yanzu kowane gida maƙera ne, an cinye ƙirya an koma marke, an koma kanya, a wasu wuraren har kaɗanya da ɗorawa ake sarewa, bishiyoyin da a da in ka ɗora musu gatari sai mai unguwa ya kira ka. Gonar mahaifina da ke hanyar Maigatari ina yaro akwai gawo bakwai a cikinta, na san su ɗaya bayan ɗaya don a ƙarƙashinsu muke shan fura in rana ta take, yanzu biyu suka rage, kuma ba baƙo ne ya sare su ba mu ne, shekarar da abinci ya yi wuya. Iskar bazara in ta taso yanzu ba abin da ke tare ta, sai ka shuka gero ya tsiro rairayi ya binne shi ka sake shuka. Damina kuma ta zama ba ta da alƙawari, ko ta makara ko ta zo a haukace, 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Jigawa tun daga Ringim har Haɗeja, a faɗin ƙasa mutum sama da 600 suka rasu, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato dashen itatuwa don tare hamada, kuma duk shekara ana bikin dashen itatuwa, a zo da manyan motoci a dasa darbejiya a jere a ɗauki hoto a tafi, bayan wata biyu awaki sun gama da su. Ko da sun rayu ma, kana dasa ɗaya murhu yana cin goma, yaushe za a cim ma?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana nan kusa da mu, tsallaken iyaka kawai. Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana haɗuwa da mutanen Dungas da Magarya, kuma duk wanda ya taɓa shiga ƙasar Damagaram ta nan ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Su ba dashe suka yi ba. Sassaben zamani suke ce masa, wato in ka zo sharar gona ba zaka tumɓuke kututture da tohon da ya fito ba, sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari ka sassabe sauran, saiwar tana nan a ƙasa da ranta, cikin 'yan shekaru ta zama bishiya. A wajen Maraɗi aka fara yaɗa shi tun 1983 tare da wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, yau ana maganar hekta miliyan 5 da bishiya wajen miliyan 200 a Nijar. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana ya ba ƙasa taki, da rani ya yi kore ya ba dabba abinci, rassan da aka sassabe kuma su ne itacen girki, mace ba sai ta yi tafiyar yini ba. Babban sirrin kuma shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara don ya yanki reshe a gonarsa ba. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya, amma da yake babu kwangila a ciki ba ka jin sa a bakin kowa.

Sola ma haka. Mutane da kansu suka rungume ta ba wanda ya yi musu wa'azi. Lokacin da Arewa ta kwana sama da mako cikin duhu a watan Oktoban 2024 bayan layukan wutar da ke kawo mana sun lalace, masu cajin waya da masu ƙanƙara da ke da fanel su suka riƙe gari. Ƙanina yana noman rani a fadamar Haɗeja, da injin fetur yake ban ruwa, bayan cire tallafi ya lissafa yaga man da yake sha ya kusa cinye tumatirin, ya sayar da bijimi ɗaya ya haɗa fanel da famfo, yanzu rana na fitowa ruwa na gudu a gona ba ƙara ba hayaƙi. Amma mutum nawa ne ke da bijimin sayarwa? Ana cikin haka a 2025 sai muka ji wani minista yana maganar hana shigo da fanel daga waje wai don a ƙarfafa na gida. Haba jama'a, a bari na gidan ya wadata tukuna mana, ba a rushe bukka don an ga hoton bene.

Su manyan ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi ba zan ɓata tawada a kansu ba, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake fitarwa ba, sun yi wa ƙasashe masu tasowa alƙawarin tallafin dala biliyan 100 duk shekara tun 2009 sai da aka yi shekara da shekaru ana bi, a taron yanayi na Baku a 2024 suka ce biliyan 300. Allah Ya sa mu gani. Ni nawa ciwon na gida ne.

Roƙona ga gwamnoninmu na Arewa da 'yan majalisarmu, in har da gaske ake, a fara daga madafi. Kuɗin da ake kashewa a raba buhun shinkafa ranar siyasa, a karkatar da wani abu a sauƙaƙa gas ɗin girki ga masu ƙananan tukwane na kilo uku da shida, a buɗe wuraren cikawa a ƙananan hukumomi ba sai manyan birane ba. Wanda gas ya fi ƙarfinsa a kai masa murhun nan mai tsimin itace, kuma a koya wa maƙeranmu da masu ginin tukwane su riƙa yi a nan, kar a ba wani kwangila ya shigo da shi a kwantena a jibge a sito. A ba manoman rani bashin famfon sola su biya bayan girbi. Sarakunanmu da hakimai da limamai kuma su sa baki a maganar sassaben zamani, don manomi ya fi jin maganar dagacinsa da ta jami'in da ya zo da mota. Hana saran itace da baki kawai ba zai yi ba, an sha kama masu gawayi an sake, matuƙar tukunya na jiran wuta wani zai shiga daji.

Kai ma Malam Edita don Allah in an dawo daga taron yanayi na gaba kar wakilinku ya tsaya a filin jirgi yana jin ta bakin manya, a turo shi Gumel ya zo layinmu da safe wajen ƙarfe shida da rabi, zan kai shi wurin Iya mai ƙosai ya yi mata tambayoyinsa, sai dai ya zo da hankici saboda hayaƙi. Ni ma yau da na tashi daga makaranta wajen mai gawayi zan biya, uwargida ta ce na jiya ya ƙare.

Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin firamare daga Gumel, Jihar Jigawa