Shirinku na Wasanni Bai Yi wa Cristina Neagu Adalci Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan abin da mai gabatar da shirinku na wasanni ya faɗa game da Cristina Neagu, 'yar wasan ƙwallon hannu ta ƙasar Romaniya, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci matuƙa. Mace ta yi kusan shekara ashirin tana buga ƙwallon hannu a matakin ƙwararru, ta rataye takalmanta a 2025, amma abin da ya ga ya dace ya gaya wa masu sauraro shi ne ta tafi ba ta taɓa samun lambar yabo a gasar Olamfik ba, daga nan ya tsallake zuwa cinikin 'yan ƙwallon ƙafa kamar an kammala magana.

Maganar lambar Olamfik gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai mutum bakwai ne ke shiga fili a kowane ɓangare, kuma tawagar mata ta Romaniya ba ta taɓa hawa dandamalin Olamfik ba, da ita ko babu ita. Yaya za a ɗora wa mutum guda nauyin ƙasa baki ɗaya, a kuma manta cewa hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ta zaɓe ta gwarzuwar shekara har sau huɗu, a 2010 da 2015 da 2016 da 2018, abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan wasa ba, namiji ko mace? A 2015 kaɗai ta ci Gasar Zakarun Turai da ƙungiyar Buducnost ta Montenegro bayan sun doke ƙungiyar Larvik ta Norway a wasan ƙarshe a Budapest, sannan a watan Disamba ta kai Romaniya ga lambar tagulla a gasar cin kofin duniya a Denmak, inda ta fi kowa jefa ƙwallo a raga kuma aka ba ta kyautar 'yar wasan da ta fi fice. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban ji an ambata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da aka yi a kan raunukanta, domin a nan ne ainihin labarinta yake. Ni malamar wasanni ce, kuma a ƙuruciyata na buga irin gurbin da take bugawa, wato baya ta ɓangaren hagu, inda aikinki shi ne ki yi tsalle daga wajen layin mita tara ki wurga ƙwallo ta saman hannuwan masu tsaron baya, su kuma suna jiran damtsenki ya ɗaga su riƙe shi. A haka kafaɗata ta goce. Na daɗe ba na iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali sai an taimaka mini, kuma ko bayan na warke, duk lokacin da na tashi sama sai hannun ya noƙe da kansa kafin in saki ƙwallon. Tsoron nan ne ya raba ni da wasa, ba ciwon ba. To, Neagu ta yi jinyar kafaɗa ta kusan shekara biyu jim kaɗan bayan an fara kiranta gwarzuwar duniya, lokacin tana ƙungiyar Oltchim ta Romaniya. Ta dawo ke nan sai jijiyar gwiwa ta tsinke a 2013. Ta sake miƙewa ta ci kofuna, sai kuma a Disambar 2018, a gasar ƙasashen Turai da aka yi a Faransa, gwiwa ta sake tsinkewa ana dab da tashi daga wasansu da Hangari, aka fitar da ita tana kuka. Duk da haka ta koma fili da rigar ƙungiyar CSM Bucharest, ta ci gaba da jefawa har ƙwallayenta a Gasar Zakarun Turai suka haura 1,000. Wanda bai taɓa dirowa da ƙafa ɗaya a kan gwiwar da aka yi wa tiyata ba, bai kamata ya yi saurin yanke hukunci a kan irin wannan mata ba.

Ɗalibaina mata suna sauraron shirinku, ni ce ma na kwaɗaitar da su. Washegari wata daga cikinsu, wadda na sha nuna wa bidiyon yadda Neagu ke juya ƙugu a sama kafin ta saki ƙwallo, ta tambaye ni ko ashe matar ba ta kai yadda nake zuzuta ta ba. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.



Buƙatata ita ce ku ware lokaci a shiri na gaba ku gyara wannan magana, ku karanto tarihin wasanta yadda yake tun daga ƙungiyar Rulmentul Brasov ta Romaniya har zuwa ranar da ta daina, kuma wanda ya yi furucin shi ne ya kamata ya karanta da bakinsa.

Wassalam,
Wata malamar wasanni, mai sauraronku a kullum