Zaman da na yi a shagon kofi

Salam mutumina, ya Kano, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Legas sai godiya, ruwan sama ne kawai ya hana mu sakat.

Bari ka ji kunyar da na sha ran Talata. An ɗauke mana wuta a Agege tun dare ga aiki zan tura, sai na saɓi kwamfuta na hau danfo zuwa Ikeja, na faɗa wani shagon kofi mai esi da intanet. Na jona caji na baje kusan awa 3 ko ruwa ban saya ba, wlh ba rowa ba ce, farashin da na gani a allo ne ya sa na haɗiye miyau. Can sai ga wata ma'aikaciya cikin ladabi, wai ko in sayi wani abu ko in ba wasu wuri. Na tattara na fito ina huci.

Da daddare na je teburin shayin Kawu ina ta mita, shi ko dariya har da riƙe ciki. Ka dai san bencinsa, masu gadi ne da 'yan dako da yaran nan da aka hana acaba a manyan unguwanni tun 2022, mutum ya sha shayi kofi ɗaya ko ma bai sha ba ya zauna musun ƙwallo har sha biyun dare, kuma bai taɓa korar kowa ba. Ya ce teburin da ba kowa ai ba mai tsayawa, su ne ke jawo masa ciniki, su ke duba masa kaya in ya tafi sallah, wanda ba shi da ko sisi yau gobe shi zai ci indomi da ƙwai biyu. Amma fa, in ji shi, bencinsa ba ya shan fetur.

Nan jikina ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, aka kuma kai kuɗin wutar Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a 2024, sanyin da na kwasa a banza wani ne ke biya, ga kuɗin haya na Ikeja. Ko Starbucks, mai shagunan kofin nan ta Amurka, da ta buɗe ƙofa ga kowa a 2018, bayan an kama wasu baƙaƙen fata biyu a shagonta na Filadelfiya don sun zauna ba su sayi komai ba, ta janye a Janairun 2025.

Ni yanzu ban ga laifin yarinyar ba, aikinta ta yi. Haushina garin ne, ka rasa inda za ka ajiye ƙugu kyauta in ba masallaci ba. Jiya na koma na sayi ruwan gora ɗaya na yi awa 4 da shi, muna haɗa ido da ita muna murmushi.

In akwai mai tahowa ka aiko min da kilishi dan Allah. Ka gaida mutan majalisa.

Naka har kullum.