Wasiƙa zuwa ga aminiyata a Landan

Assalamu alaikum Maman Nana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yar jaririyarmu. Ya jego, ya sanyi? Mu ma nan Kano hunturu ya kankama, leɓe da ƙafa duk sun tsage.

Na ga hoton matajin da kika turo, cike da gashi, da kwalaben shamfu har huɗu da kika jera a banɗaki. Wallahi sai da na yi dariya kafin tausayinki ya kama ni. Wai an ce miki gashi yana sabawa da shamfu, sai an riƙa canza masa duk wata? Ni ma na taɓa yarda da wannan magana, na yi ta zubar da kuɗi a kanti. Amma ƙawata, silin gashi da ya riga ya fito ba shi da rai, kamar farce yake, to da me zai saba? Abin da ke faruwa shi ne, mai da kwandishina suna taruwa a kansa har ya yi nauyi ya dushe. Ranar da kika ɗauko sabon shamfu mai ƙarfi ya wanke wannan dattin, sai ki ga kan ya yi wasai, ki ce ai canjin ne ya yi aiki. Ke kuma ga ruwan Landan mai alli. Leƙa cikin butar shayinki, wannan farin ɓawon da ya kama gindinta, irinsa ne ke zama a gashinki.

Don haka idan za ki ajiye biyu, kowanne da aikinsa: mai laushi, wanda aka rubuta babu salfet, wato sinadarin da ke sa yawan kumfa, na wankin mako, sai mai ƙarfin nan sau ɗaya a wata. Yawan kumfa ba shi ne kyau ba, irin gashinmu dama man fatar kai da ƙyar yake gangarowa zuwa ƙarshen sili saboda nannaɗewarsa. Idan akwai amosani da ƙaiƙayi, wannan daban ne, ki nemi shamfun amosani irin su Nizoral, ki bar shi a ka kamar minti 5 kafin ki ɗauraye.

Zubewar kuwa, shamfu ba shi ya kawo ta ba, ba kuma shi zai tsayar da ita ba. Nana yanzu watanta 4, ko? To lokacinsa ne. Mai ciki gashinta ba ya zuba kamar yadda ya saba, shi ya sa kika yi ta yi mana yanga da cikar kai bara. Bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai duk wanda ya maƙale ya sauko a tare. Ko lafiya lau mutum yake, yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, bare mai jego. Yawanci kafin yarinya ta shekara ya dawo. Sai dai haƙuri, don a wata guda abin da gashi ke ƙarawa bai wuce santimita 1 da ɗan wani abu ba.

Abin da ya fi damuna a hoton naki shi ne gaban goshi. Kin tuna shukun da aka yi min lokacin bikin ƙanwata, wanda na kwana biyu ina barci a zaune, girata a ɗage kamar mai mamaki? Da aka tsefe, gefen nan biyu sun tafi, ƙananan ƙuraje sun jeru a wurin. Shekara guda na yi ina jan ɗankwali gaba. Likitar fata ta ce min idan aka daɗe ana ja, saiwar mutuwa take yi, babu man da zai tashe ta. Ki gaya wa mai kitsonki ta sassauta hannu, ko ranta zai ɓaci. Rilaksa ma ki ɗaga masa ƙafa tukuna.

Sannan don Allah ki sa a duba miki jini. Kin ce kin zubar da jini sosai wajen haihuwa, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana zubar da gashi, haka ma matsalar maƙoƙo. Kada ki sayi maganin shafawar nan na tsiro da gashi, minoksidil, kina shayarwa sai da izinin likita.

Yayanki zai taso ƙarshen wata, zan ba shi man kaɗanya da garin karkashi ya kawo miki. Ki jiƙa karkashin a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace sosai, in ba haka ba sai kin yini kina tsince ganye a kai. Yana sa tsifa ta yi sauƙi, amma ban ce miki zai tsiro da gashi ba. Man kaɗen kuma a shafa shi gashi na da danshi.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce a turo mata hoton takwararta, ba na mataji ba.

Taki har kullum,
Maman Abba